Jinya da Bincike a Inuwa Ɗaya: Nazari kan Asibitocin 'Yan Mazan Jiya na Puget Sound

Gwamnatin Amurka tana da ma'aikata guda, wadda ake kira VA, da ke kula da lafiyar tsofaffin sojoji kimanin miliyan 9. An karkasa asibitocinta shiyya-shiyya. A arewa maso yammacin ƙasar, cikin jihar Washinton, akwai rukunin asibitocin Puget Sound mai manyan rassa biyu: na American Lake kusa da Tacoma, wanda aka buɗe a 1924 domin masu larurar ƙwaƙwalwa, da na birnin Seattle da ya fara aiki a 1951. Ƙarfin wannan rukuni ya samo asali ne daga abu ɗaya: likitan da ke duba majinyaci da safe, sau da yawa shi ne ke shiga ɗakin bincike da rana.

Tushen tsarin yana komawa ga shekarar 1946. Sojoji sun dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da yawan gaske, likitoci kuwa sun yi ƙaranci. A ƙarƙashin jagorancin Janar Omar Bradley aka ƙulla alaƙa tsakanin asibitocin VA da makarantun koyon likitanci. Shi ya sa a yau likitoci da dama na asibitin Seattle malamai ne kuma a Jami'ar Washinton. A nan ake jinyar waɗanda suka samu rauni a laka, ana dashen ɓargo, ana kula da waɗanda aka yanke wa gaɓa, har ana karɓar majinyata daga Alaska da Idaho.

Ƙafar roba ta nuna amfanin wannan haɗi a fili. Tsohuwar ƙafar da ake sa wa mutum tana ɗaukar nauyinsa, amma ba ta taya shi cira ƙafa. Dakta Ernest Burgess, likitan ƙashi a Seattle, ya lura cewa samarin da suka rasa ƙafa a yaƙin Biyetnam ba tafiya kaɗai suke so ba, suna son gudu da wasa. Da tallafin VA, shi da abokan aikinsa suka ƙera ƙafar da aka sa wa sunan birnin a tsakiyar shekarun 1980. A cikinta akwai wani falle mai lanƙwasa: idan mutum ya taka sai ya tanƙware, idan ya zo ɗaga ƙafa sai ya miƙe ya tura shi gaba. Farar hula a ƙasashe da dama sun ci moriyar wannan dabara.

Labarin prazosin ya fi wannan zurfi. Maganin hawan jini ne tun asali. Dakta Murray Raskind, likitan ƙwaƙwalwa a Puget Sound, yana duba tsofaffin sojojin da mugun mafarkin yaƙi ke tayarwa cikin dare, jiki na karkarwa, gumi sharkaf. Ya yi hasashen cewa sinadarin da ke harzuƙa jiki lokacin tsoro ne ke hana su barci, kuma prazosin yana rage ƙarfinsa. Ƙananan gwaje-gwaje tun daga 2003 sun ba da sakamako mai kyau, maganin ya bazu a asibitoci. Daga baya aka shirya babban gwaji da mutum 304 a asibitocin VA 13, wasu suna shan maganin, wasu suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu. Raskind da kansa yana cikin jagororin gwajin, kuma bai ɓoye abin da aka gano ba. Tambayar sai ta sauya: wane irin majinyaci ne maganin ke yi wa aiki? Abin a yaba ne cibiya ta gwada abin da take alfahari da shi, ta kuma faɗi gaskiya ko da ba ta yi mata daɗi ba.

Duk da haka, bincike ba ya maye gurbin samun ganin likita a kan kari. A 2014 an bankaɗo yadda ake ɓoye jerin masu jiran likita a asibitin VA na Phoenix, lamarin da ya sa shugaban ma'aikatar, Eric Shinseki, ya yi murabus. Dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta faɗaɗa damar zuwa asibitoci masu zaman kansu idan nisa ko jira ya yi yawa. Wannan sauƙi ne ga mazaunin karkara, sai dai yana raba majinyaci da likitocin da suka ƙware a raunukan yaƙi, yana kuma warwatsa bayanan da bincike ke dogaro da su.

Sojan da ya ba da ƙafarsa ko barcinsa domin ƙasarsa yana da haƙƙi biyu a kanta: a duba shi da wuri, kuma a duba shi da ilimin da aka tantance. Duk gwamnatin da ta tauye ɗaya daga ciki ba ta sauke amanar da ta ɗauka ba.