Daga Shatin Ƙasa Zuwa Zanen Kwamfuta

A da, maginan Jibiya da Maraɗi a ƙasa suke shata gida: zaure, shigifa, tsakar gida, maigida na tsaye yana cewa "a ƙara nan". Da irin wannan ilmi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

AutoCAD ya fito a 1982. Zanensa ya fi daidaito, gyaransa ba wuya, kuma yana ajiyuwa. Sai dai sau da yawa kwafo shi ake yi daga waje: babu zaure, baƙo sai falo. Shatin ƙasa kuwa, ana ɗora tubali ya shafe, ilmin ya zauna a kan magini kaɗai. Mu marubuta, mu nemi tsofaffin maginan nan mu rubuta abin da suka sani, kafin ƙasa ta rufe idonsu.