Tuddan Dutsi: Kada a Tona Kafin a Auna

Yau zan kai ku Dutsi, a ƙasar Zurmi, mazaunin farko na sarakunan Zamfara tun kafin Birnin Zamfara, balle Kiyawa da Banga. Akwai manyan tuddai a can, kakanni na cewa kaburburan su Dakka ne, sarakuna ƙatta.

To, ya ake tantance irin wannan? Ku dubi Durbi Takusheyi, kusa da Mani a Katsina. An tona a 1907, masana suka sake a 1992, aka samu kuɗin wuri, hauren giwa da kayan tagulla. Amma fa masani sai ya auna fili, ya zana taswirar kowane tudu, kafin ya sa diga. Mai tonon neman zinariya kuwa, da ya birkita ƙasar, shikenan, shaidar ta tafi.

Roƙona kenan: a bar tuddan Dutsi yadda suke. Mu kwana nan.