Daga Hanyar Goro Zuwa Layin Wuta: Tarihin Haɗa Paraku da Jugu da Babban Layin Lantarki

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen ƙarancin wutar lantarki a ƙasashenmu, akasari hankali yakan tafi ne ga tashoshin da ke samar da ita: madatsar ruwa nawa aka gina, megawat nawa ake samu. Ba a cika waiwayar hanyar da wutar ke bi kafin ta isa shagon tela ko injin markaɗe ba. Wannan maƙala ta ɗauki garuruwa biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, wato Paraku da Jugu (a taswira ana rubuta su Parakou da Djougou), domin ta nuna cewa tarihin wutarsu tarihin hanya ne. Garuruwan biyu suna da unguwannin Zango inda Hausawa suka daɗe da zama, kuma tun asali hanya ce ta raya su. A nan, “babban layi” na nufin jerin manyan wayoyi da turaku da tashoshin rarrabawa waɗanda ke dakon wuta daga inda aka samar da ita zuwa inda ake bukatarta.

2.0 Zango a Kan Hanyar Gwanja

A ƙarni na 18 da na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, domin sayen goro. Sukan tafi da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi. Bayan sun ƙetare Kwara sai su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Nikki ko Paraku, su sauka Jugu, sannan su nausa yamma. Tafiya ce ta watanni, a ƙarƙashin jagorancin madugu, kuma kowane sarki da aka ratsa ƙasarsa yana da kuɗin da ake biyan sa kafin a wuce.

Ma’anar “zango” ta farko ita ce wurin da matafiya ke yada kaya su huta. Da tafiya ta yi tafiya, wasu fatake suka zauna, suka zama masu masauki da dillalai da malamai, sunan ya koma na unguwar baƙi. Harshen Dendi ne ya fi yawo a kasuwannin Paraku da Jugu, amma Hausa ta samu gindin zama a Zango har yau. Abin lura shi ne, goro ba ya tsiro a Jugu, kanwa ma ba a haƙo ta a Paraku. Arzikin garuruwan ya dogara ne ga abu biyu: suna kan hanya, kuma suna da wurin ajiye kaya har lokacin da mai saye zai zo.

3.0 Yadda Hanya Ta Juya Kudu

Yaƙin basasar Salga na 1892 da rabon ƙasa da Turawa suka yi a ƙarshen ƙarnin sun karya wannan hanya ta gabas da yamma. Faransa ta mayar da Bargu ta yamma wani ɓangare na mulkin mallakarta na Dahome, ta juya fuskar ciniki zuwa bakin teku. Layin dogo da ya taso daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, bayan tafiyar kilomita sama da 400, ya tsaya nan. Daga Paraku sai manyan motoci su ɗauki kaya zuwa Nijar. Wannan ya ɗaukaka Paraku, ya bar Jugu a gefe.

Wutar lantarki ma tsarin nan ta bi. Inda mulki da tashar jiragen ruwa suke, nan aka fara kai ta. Garuruwan arewa kuwa, da wuta ta zo musu, ta zo ne ta hanyar injinan dizal da aka girke a kowane gari, ba tare da wata waya ta haɗa wannan gari da wancan ba. Man da injinan ke sha daga bakin teku ake dakonsa. Saboda haka wutar arewa ta kasance mai tsadar samarwa, kuma duk ranar da inji ya lalace ko mai ya yanke, babu maƙwabcin da zai kawo ɗauki.

4.0 Wutar Akosombo da Haɗin Gwiwar 1968

A 1965 Gana ta kammala madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Bolta, a zamanin Kwame Nkrumah. Ɗaliban adabin Hausa suna da dalilin tunawa da wannan aiki, domin tafkin da ya haifar ya shanye tsohon garin Kete-Karaci, inda Alhaji Umaru, malamin nan kuma marubucin waƙoƙi, ya zauna bayan barinsa Salga har rasuwarsa a 1934.

Togo da Dahome, ganin kowaccensu ta yi ƙanƙanta da ɗaukar nauyin irin wannan aiki ita kaɗai, sai suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1968, wadda aka sani da CEB, mai hedikwata a Lome. Aikinta a wancan lokaci shi ne samar da wuta, da sayo ta, da dakonta zuwa ƙasashen biyu. A farkon shekarun 1970 wutar Akosombo ta fara isa Lome da Kwatano ta layi mai ƙarfin kilobolt 161. A 1987 aka ƙara da madatsar Nangbeto a kan kogin Mono a Togo, mai megawat 65. Rarraba wuta ga gidaje a Benin kuwa yana hannun kamfanin gwamnati, SBEE.

Wannan tsari ya sauƙaƙa wa kudu, amma ya ɗaure ta ga ruwan sama na wata ƙasa. Farin 1983 zuwa 1984, da na 1998, da na 2006 zuwa 2007, duk sun rage ruwan Akosombo, Gana ta rage abin da take turowa, Kwatano da Lome suka sha duhu. Wannan ne ya sa aka nemi ƙofa ta biyu. A 2007 aka buɗe layin kilobolt 330 daga Ikeja ta Legas zuwa Sakete, tazarar kimanin kilomita 70, Nijeriya ta zama babbar mai sayar wa Benin wuta. Duk tsawon waɗannan shekaru sama da 30, Paraku da Jugu suna jin labarin babban layi ne daga nesa.

5.0 Isowar Babban Layi Arewa

A 2004 Bankin Duniya ya amince da rancen da ya taimaka wajen haɗa arewacin Togo da arewacin Benin da babban layin CEB. Layin, mai kilobolt 161, ya taso daga Atakpame, ya haura Kara, ya karkata gabas ya ƙetare iyaka zuwa Jugu, ya ƙarasa Paraku. Duk wanda ya san tarihin fatauci zai lura cewa daga yamma wutar ta shigo, kusan ta inda goro ke shigowa, kuma asalinta daga kwarin Bolta. Ba tsohon tarihi injiniyoyi suka bi ba, sun duba inda layi ya fi kusa ne da inda jama’a suka fi yawa. Sai dai taruwar jama’ar a Kara da Jugu da Paraku, ita kanta gadon wancan fatauci ce.

Layi ɗaya tilo yana da rauni. Idan turke guda ya faɗi a tsakanin Atakpame da Kara, duk arewacin ƙasashen biyu ya shiga duhu. Haka kuma idan waya ta yi tsawo ƙwarai, ƙarfin wuta yakan sauka ko ya hau fiye da kima a ƙarshenta, gwargwadon nauyin da ke kanta. Mai walda a Zango ya san wannan ba tare da an karanta masa ba, domin yana ganin yadda injinsa ke kasa cin ƙarfe da magariba. A shekarun 2010 aka gina wani layin daga Onigbolo a kudu maso gabas zuwa Paraku, kimanin kilomita 260, aka rufe da’irar, ta yadda wuta za ta iya zuwa ta yamma ko ta kudu. Aka kuma miƙa layi daga Paraku zuwa Kandi da Malanville a bakin Kwara.

6.0 Tashoshin Hasken Rana da Sharuɗɗan Haɗi

Da babban layi ya iso, sai tambaya ta sauya. Arewa ta fi kudu hasken rana da fili, to me zai hana ta samar da wuta ta zuba a layin? A watan Satumba na 2015 Benin ta sanya hannu da hukumar MCC ta Amurka kan tallafin dala miliyan 375 domin gyara harkar lantarki. Yarjejeniyar ta fara aiki a 2017. Cikin shirin akwai tashoshin hasken rana huɗu: Paraku da Bohikon megawat 15 kowace, Jugu da Natitingu megawat 10 kowace, jimla 50, waɗanda ’yan kasuwa za su gina da kuɗinsu su riƙa sayar da wutar. Sai a 2022 aka rattaba hannu da kamfanonin da suka ci kwangilar, shekara bakwai bayan yarjejeniyar farko.

Kafa farantan sola aikin watanni ne. Abin da ke cin shekaru shi ne sharuɗɗan haɗi, kuma sun kasu uku. Na farko na fasaha ne. Wutar babban layi tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowane lokaci. Idan hadari ya rufe tashar megawat 15 cikin ’yan mintoci, sai an samu wata majiya ta cike gurbin nan take, in ba haka ba bugun ya sauka, na’urorin kariya su yanke layi. Shi ya sa kaso mai yawa na tallafin ya tafi ga sabunta tashoshin rarrabawa da wayoyi a Kwatano da Paraku da Jugu da Natitingu, da gina cibiyar da za ta riƙa lura da tafiyar wuta a ƙasa baki ɗaya. Na biyu na doka ne: wa ke ba da izini, wa ke yanke farashi, wa zai biya kuɗin wayar da za ta haɗa tasha da layi? Benin ta yi sabuwar dokar lantarki a 2020 domin buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. Na uku na amana ne. Banki ba ya ba da bashin shekara 20 sai ya tabbata mai sayen wutar zai iya biya.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan. A 2016 kamfanoni 14 sun sanya hannu kan gina tashoshin hasken rana na sama da megawat 1,000, yawancinsu a arewa, har da guda a Kankiya ta jihar Katsina. Saɓani kan farashi da lamunin gwamnati ya tsayar da su. A Benin kuwa, babbar tashar hasken rana ta farko da ta shiga layi ita ce ta Illoulofin kusa da Pobe, mai megawat 25, a 2022. A kudu take, kusa da tashar Onigbolo, kuma da kuɗin gwamnati da na abokan hulɗarta na Turai aka gina ta.

7.0 Batun Ajiya

Rana tana bayar da wuta mafi yawa da tsaka, alhali gidaje sun fi shan ta daga magariba zuwa bayan isha’i. Ƙurar hunturu ma tana rage abin da faranti ke kamawa. Shekaru da dama madatsun ruwa ne kaɗai rumbun ajiyar yankin, domin ruwan da aka tare a Akosombo ko Nangbeto wuta ce da aka jinkirta. Yanzu manyan batura sun shigo. Suna iya ɗaukar rarar rana su sake ta da dare, kuma suna iya gyara bugun layi cikin ƙiftawar ido, wanda shi ne babban amfaninsu a layi mai rauni. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 465 ga wani shirin ECOWAS da ya ƙunshi kafa irin waɗannan batura a Nijar da Mali da Kwaddibuwa.

Benin tana da dalili na musamman na damuwa da bugun layi. An ɗauki shekaru ana tafiyar da layin CEB kashi biyu, wani yana bin bugun Nijeriya wani yana bin na Gana, saboda biyun ba su daidaita ba. Warware wannan yana cikin ayyukan hukumar haɗakar wutar Afirka ta Yamma, WAPP, wadda ECOWAS ta kafa a 1999, hedikwatarta kuma tana Kwatano. Ita ce ke jagorantar layin kilobolt 330 da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanville, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2022.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Paraku da Jugu sun ratsa matakai uku: zaman kaɗaici da injinan dizal, zama a ƙarshen layin da ya taso daga nesa, sannan yunƙurin zama masu zuba wuta a layin. A kowane mataki, samuwar hanya da yardar masu iko da ita ne suka yanke hukunci. Waya ma tana iya rufuwa kamar yadda hanyar Salga ta rufu a 1892. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta yanke wutar da take ba ta, ba a mayar ba sai a Maris na 2024.

Saboda haka, idan aka sanar da sabuwar tasha a Paraku ko Jugu, ko a Kano ko Maraɗi, yana da kyau ɗalibi ya wuce adadin megawat ya yi tambayoyi huɗu: wane layi za ta shiga, layin zai iya ɗauka, wa zai saya ya biya, kuma ina za a ajiye rarar rana domin dare? Amsoshin waɗannan ne za su nuna ko tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara a Zango za su ga canji, ko za su ci gaba da sayen man janareto.