Matsayin Fanisau a Cikin Ziyarar Wuraren Tarihi na Kano

Gabatarwa

Abin da muka saba yi, mu malaman tarihi, idan muka kai ɗalibai ko baƙi ziyara birnin Kano, shi ne mu hau Dala da su, mu sauko mu ratsa Kasuwar Kurmi, mu shiga Gidan Makama, mu tsaya a Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, sa'an nan mu rufe da babban Masallacin Juma'a. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ziyarar da ta tsaya a cikin ganuwa ba ta cika ba, domin kuwa karkara ce ta ciyar da birnin, ita ce kuma ta tsare shi. Za mu kafa hujja da Fanisau, wadda ke arewa da birni, a cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo.

Fanisau a Tarihi

Da farko dai, Fanisau ba baƙuwa ba ce. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Gambarjado na Fanisau a cikin manyan mutanen zamanin Barbushe. Watau ke nan, tun kafin Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara ginin ganuwa akwai jama'a zaune a gindin duwatsun nan, suna da alaƙa da Dala.

Na biyu, bayan jihadi, Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819-1846) ya fuskanci tawayen Ɗan Tunku daga arewa. Saboda haka ya mai da Fanisau ribaɗi, bisa tsarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa. A wurin magabatan nan zaman ribaɗi ibada ne, tun da yake tsaron iyakar Musulmi ne. A nan Fanisau ne Baturen Birtaniya Clapperton ya iske Dabo a 1824, yana cikin shirin yaƙi.

Na uku, akwai gandun sarki, wanda bayi suka noma. Da guminsu aka cika rumbunan fada da gero da dawa, kuma bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 gyaɗa ta shigo cikin lissafi. Wannan babi ne da ba mu cika buɗe wa ɗalibai ba, alhali kuwa wanda ya yaba girman Gidan Rumfa ya kamata ya san inda abincin gidan ya fito.

Abin da Mai Ziyara Zai Lura da Shi

Hanyar ita kanta darasi ce. Gonakin wannan yanki ba a barin su su huta. Shekara da shekaru jakuna na shiga birni da itace da hatsi, su komo da taki a mangala. Ta haka birni da ƙauye suka rayu da juna. Bugu da ƙari, Hawan Fanisau, wanda ke cikin jerin hawan Sallah da Hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2024, shaida ne cewa fada ba ta manta da wannan zumunci ba.

Kammalawa

To amma birni na ta cin gonakin, ginin ƙasa ba ya jure damina in ba yaɓe, dattawan da suka ji labari daga bakin iyayensu kuwa suna ta ƙarewa. Shawararmu ga mahalarta wannan taro ita ce, a sanya Fanisau cikin tsarin ziyarar ɗalibai, a auna gidan sarki da masallacin garin a zana su, a kuma ɗauki bayanin zuriyar masu gandu da ta waɗanda suka noma shi, kowa da bakinsa, tun ana iya samunsu.