Kalangu, Ganuwa da Alƙalami: Yadda Arewacin Gana Ke Tuna Yaƙi

Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa an sassaƙa yaƙin Kadesh a bangon wuraren bautar Masar tamkar shi ya yi rinjaye, alhali an tashi ne kare jini biri jini. Tun zamanin da, mai riƙe da kayan sassaƙa shi ke zaɓar abin da za a tuna.

A ƙasar Dagomba, kalangu aka ba wa wannan amana. Makaɗan da ake kira lunsi su ne taskar tarihin sarakuna. A lokacin bukukuwan salla sukan zauna a ƙofar fada su kwana suna jero labarin magabata, har da yaƙin Naa Luro da Gwanjawa. Wasu sassan ba a taɓa su sai an yi yanka, domin ana ganin ambatonsu na da haɗari. Ranar shan kashi ma ba ta ɓace ba: a 4 ga Disamba 1896 bindigogin Jamusawa suka karya rundunar Dagomba a Adibo, suka wuce suka ƙone Yendi, kuma har yau "Adibo dali", wato ranar Adibo, na bakin mutane.

A kan Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa na ƙarshen ƙarni na 19, tunawa ta rabu gida-gida. A Yendi kabarinsa yake, zuriyarsa na adana makamansa da sarƙoƙi. A Gwollu ragowar ganuwar ƙasa ce ke tsaye, wadda aka gina don kare kai daga masu farautar bayi. A Sandema kuwa, duk watan Disamba Bulsawa kan sa hulunan ƙaho, su ɗauki baka da kwari, su yi rawar bikin Feok don tuna ranar da suka fatattake shi. Mu ma muna da namu kason: a 1914 Malam Abu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Zabarmawa da ajamin Hausa, kamar yadda Alhaji Umaru na Kete Krachi ya yi waƙa kan zuwan Nasara.

To, su wa aka manta? Waɗanda aka kora a ɗaure zuwa kasuwar Salaga. Rijiyoyin garin suna nan, sunayensu babu. Makaɗi bai kira su ba, malami bai lissafa su ba. Kuma a kasuwar nan fataken Hausa, da goro ya kawo su, sun sayi mutane. Jikokin mai saye da na wanda aka saya sun gauraya a zangunanmu, harshe ɗaya, sahun salla ɗaya.

Saboda haka, mai karatu, in akwai tsofaffin takardun ajami a akwatin kakanka, ka tsare su daga gara da ruwa, ka nemi malamin da zai karanta maka. In akwai tsohuwa a gidanku da ta san garin da aka ɗauko kakarta, ka zauna gabanta tun tana da rai, ka rubuta sunan garin.