Asalin Makarantar Majigi

A birnin Mosko aka buɗe makarantar koyon aikin majigi ta farko a duniya, cikin 1919, ƙasar Rasha tana tsakiyar yaƙin basasa. A zamanin nan fim ɗin ɗaukar hoto ya yi wuya ƙwarai. Wani malami, Kuleshov, bai sallami almajiransa ba, sai ya sa suna yanka tsofaffin finafinai suna sake haɗa su.

An ce wata rana ya ɗauki hoton fuskar mutum guda, ya jera shi da kwanon miya, sa'an nan da gawa, sa'an nan da yarinya tana wasa. 'Yan kallo suka yaba gwanintar mutumin, wai da fari yana tunanin abinci, daga nan baƙin ciki, daga bisani murna. Fuskar kuwa ɗaya ce, ko gira ba ta motsa ba! Ashe jerin hotuna ne ke ba da labari.

Yau ɗaliban jami'a da kwamfuta suke yanka hoto da murya, almakashi ya kau. Amma wannan darasi har yanzu ana karantar da shi, da sunan Kuleshov ake kiransa.