Ɗan Tawaye ko Ɗan Ta'adda? Abin da Yaƙin Aljeriya Ya Koya Mana

Kullum muna jin kalmomin nan biyu a rediyo, har mun saba ɗaukarsu kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Amma yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya isa ya nuna mana inda suka rabu.

A daren 1 ga Nuwamba 1954 ne ƙungiyar FLN ta fara kai hare-hare kan barikokin soja da ofisoshin 'yan sandan Faransa, wadda ke mulkin ƙasar tun 1830. Mayaƙanta sun fake a duwatsun Aures, suna da shugabanni, suna karɓar haraji a ƙauyuka, suna yanke hukunci tsakanin jama'a. Wannan shi ne tawaye: ɗaukar makami domin ƙwace iko daga hannun hukuma a kafa wani a madadinsa. Faransa ta kira su 'yan fashi da masu karya doka, ta ma ƙi kiran abin da ake yi yaƙi, sai a 1999 majalisar dokokinta ta amince da sunan.

Shekara biyu bayan fara yaƙin, al'amarin ya shigo birnin Aljiyas. A watan Agusta 1956 wasu Turawa masu tsattsauran ra'ayi suka tayar da bam a unguwar Kasba, Musulmi da dama suka mutu a cikin gidajensu. A ranar 30 ga Satumba, wasu 'yan mata na FLN suka ajiye bama-bamai a wuraren shan shayi da Turawa ke taruwa, ciki har da Milk Bar, inda har yara suka rasa gaɓoɓinsu. Babu soja ko ɗaya da aka nufa a hare-haren biyu. An kashe wasu ne domin a tsorata sauran, kuma wannan shi ne ta'addanci, ko wane ne ya aikata shi.

Ke nan tawaye suna ne na manufa da tsari, ta'addanci kuwa suna ne na hanyar da aka bi. Ƙungiya ɗaya tana iya haɗa duka biyun, kamar yadda FLN ta yi. Ita ma hukuma ba ta fita fes ba: a 1957 sojojin Janar Massu sun murƙushe FLN a Aljiyas ta hanyar azabtar da fursunoni, aka kashe Larbi Ben M'hidi, ɗaya daga cikin jagororinta, yana tsare a hannunsu. Duk da haka, da waɗannan "'yan fashin" ne Faransa ta zauna a garin Evian, aka sa hannu kan yarjejeniya a Maris 1962, Aljeriya ta samu 'yanci a watan Yuli. An iya zaman ne saboda akwai buƙata ta siyasa da za a tattauna, akwai kuma al'ummar da ke bayanta.

Mu ma wannan bambanci ya shafe mu. A 2014 Boko Haram ta riƙe Gwoza tana ikirarin mulki, abin da ya yi kama da tawaye, amma a shekarar ce ta tayar da bam a tashar motar Nyanya, ta sace 'yan matan Chibok. A Nuwamba 2021 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda. Sunan da aka ba ƙungiya shi ke nuna dokar da za ta hau kanta, da ko za a yi sulhu da ita. Saboda haka kafin mu maimaita sunan da muka ji a labarai, mu tambayi abu biyu: me suke nema, kuma su wa suke kashewa?